Farashin Lemar Litia

Masu karatu, ina gaishe ku, ina kuma roƙonku da ku tanadi dariyarku zuwa ƙarshe, domin idan kuka fara kashe ta tun yanzu ba za ta ishe ku ba. Ga wanda yau ne ya fara leƙo wannan shafi, sunana Peniasi, shekaruna hamsin da takwas, na yi ritaya daga ofishin awon kaya na tashar jiragen ruwa a nan Suva, babban birnin ƙasarmu Fiji. Matata Litia ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarmu tilo, Kelera, tana aikin haɗa magunguna a Labasa, kuma ita ce ta jefa ni cikin halin da nake ciki. Ta zo hutu bara ta tarar da ni ina yi wa kyanwa sharhin labaran rediyo. Ta koma bakin aikinta, sai ga kira: ta yi mini rajista a jami'a, ajin yamma.

"Wane darasi?" na tambaye ta.

"Tattalin arziki, Baba, matakin farko. Shi kaɗai ya rage da gurbi."

"Me zan yi da shi a waɗannan shekarun nawa?"

"Abin da kake yi da kyanwar nan. Can dai za a riƙa amsa maka."

Haka na ɗaura sulu na mai ruwan toka, wato zanen da maza ke ɗaurawa a nan, na sa farar riga mai gajeren hannu, na shiga cikin yaran da na yi jika da su, suna ce mini Kawu, suna matsa mini kujera kamar wanda zai karye. Ɓangaren da muke karantawa bai damu da gwamnatoci da manyan bankuna ba. Mutum ɗaya yake bi, ko gida ɗaya, ko kanti ɗaya, ya ga yadda suke zaɓi idan abin hannu bai kai abin zuciya ba. Malamarmu, Malama Rohini, 'yar siririya ce mai ɗora tabarau a kan gashi sannan ta yi ta nemansa a jaka. Ran farko ta tsaya gaban allo ta ce, "Tsadar abu ba kuɗin da ka biya ba ne kaɗai. Abin da ka haƙura da shi domin ka same shi, shi ne ainihin tsadarsa."

Yara suka duƙufa suna rubutawa. Ni kuwa alƙalamina ya tsaya. Ajin namu Talata ne da Alhamis, kuma yammacin Alhamis shi ne lokacin da na saba zuwa in cire ciyawa a kabarin Litia, in ba ta labarin unguwa. Na mayar da ziyarar Asabar. Tun daga nan, duk lokacin da na je, da ban haƙuri nake farawa, ko da yake na san da tana nan cewa za ta yi, "Kai dai ka cika saka wa kanka damuwa, je ka karatunka."

A wannan rana ta farko aka ce kowa ya faɗi sunansa da garinsu. Da na ce Nadroga, sai wata murya ta tashi daga bayana:

"Wayyo Allah, wa ya bar ƙofa a buɗe doki ya shigo aji?"

Garinmu dai ya yi suna da dawakai, don haka na san da ni ake. Na juya. Mace ce wadda ba za ta gaza shekara hamsin da 'yan kai ba, cikin doguwar riga ja mai fararen furanni, gashinta tsaye kamar kambi, da fure a bayan kunne. Sunanta Torika, 'yar Kadavu, ta yi ritaya daga gidan waya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Matan cocinsu ne suka naɗa ta shugabar kantin ƙungiya, ta ce ba za ta shugabanci abin da ba ta gane ba, shi ne ta zo.

Tsakaninmu da mutanen Kadavu wasa ne tun kaka da kakanni. Tau muke kiran juna. Tau zai zage ka a gaban surukanka ka yi dariya, zai ɗauki abinka ka raka shi da godiya. Abu ɗaya ne ba a yi, ko da wasa: ba a ce masa ya dawo da shi. Wanda ya yi haka ya zubar da mutuncin garinsu gaba ɗaya, kuma za a yi ta ba da labarinsa a gaban ƙwaryar kava, abin shan da muke taruwa a kansa, har jikokinsa su ji.

"Ashe har a jami'a ana karɓar aku," na ce mata, domin tsibirinsu ya yi suna da wannan tsuntsu. "Na zaci a kan bishiya kuke karatu."

"Tau, alƙalamin nan naka ya fi ƙarfin kofato. Kawo."

Ta zare shi daga aljihuna. Mako na gaba ta ɗauke gurasar roti da na saya in ci a hutun rabin lokaci. Sai rula. Sai kujerar da nake so kusa da taga. Ni ma ban zauna haka ba, na taɓa ƙwace mata kwalbar man kwakwa mai ƙamshi, wadda har yau ban san abin da zan yi da ita ba. Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku: na wayi gari ina sayen roti biyu. Na wayi gari ina goge riga tun daren Litinin. Idan ta makara, layukan nan biyu na buƙata da wadata da Malama take gicciyawa a allo sai su zama mini kamar sandunan shinge. Kuma duk daren da na dawo gida ina murmushi, sai in kasa kallon hoton Litia da ke kan kabad.

Yanzu ga lemar.

Kun san ruwan Suva, ba ya neman izini. Wata Alhamis na fito zan tafi aji, sama ta tsuke, tawa lemar na bar ta a coci. Na miƙa hannu bayan ƙofa na ciro ta Litia daga ƙusar da take rataye tun ranar da mai ita ta daina fita. Ruwan ɗorawa ce mai ƙananan furanni kore, mariƙinta na katako ya yi santsi da tafin hannunta, ƙashi ɗaya a karye, yana sa gefenta ya ɗan sunkuya. Na ce a raina, yau kaɗai, Litia, ara mini.

Muna fitowa daga aji na buɗe ta, sai na ji an fizge. Torika ce.

"Ina doki ina lema mai furanni? Ku da Allah ya halitta domin ruwa ya wanke ku!"

Ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta ga ta dace da rigarta, ta yi gaba tana rangwaɗa. Yara suna ta shewa. A gaban jama'a, ɗan Nadroga ya ce wa 'yar Kadavu dawo da shi? Kuma da me zan fara? In ce ta matata ce, in kashe dariyar nan da ta zama mini kamar shayin safe? Na yi dariya tare da su, na koma gida jiƙe, na tsaya gaban ƙusar nan kamar mai jiran hukunci.

Na yi ta ce wa kaina zan san dabara. Ana haka, ran wata Litinin, wayata ta yi ƙara. Saƙon Kelera ne:

"Baba, na samu hutu, ina nan tafe Asabar. Lahadi ranar tunawa da Mama ce, mu je coci mu wuce wurinta. Ka kakkaɓe min lemarta, da ita zan je kamar kullum."

Na rubuta, "Allah ya kawo ki lafiya." Na goge. Na rubuta, "Akwai magana." Na goge. A ƙarshe hoton ɗan yatsa a ɗage na tura mata, wanda yaran ajinmu suka koya mini, sannan na zauna a bakin gado na dafe kai. Kowace shekara da lemar nan Kelera take zuwa kabarin uwarta, ko ana ruwa ko ana rana. Ta taɓa ce mini idan ta riƙe mariƙin, ji take kamar sun riƙe hannu.

Mutum mai hankali da ya je ya faɗa wa Torika gaskiya. Ni kuwa littafin darasi na buɗe.

A babin da muka yi kwanan nan an ce akwai kayan da suke maye gurbin juna: idan mutum ya sami wanda ya fi, sai ya saki wanda yake riƙe da shi. Na ce alhamdu lillahi, ga ilimi ya yi rana. Da safe na shiga gari na sayi wata ƙatuwar lema baƙa mai maɓalli, irin wadda ake dannawa ta buɗe da kanta da ƙara kamar an harba bindiga. Da yamma na tsaya a ƙofar aji ina dannawa ina rufewa, ina dannawa ina rufewa, ba ko ɗigon ruwa a sama.

Torika ta iso, lemar Litia a hammatarta.

"Tau, lafiya? Ko aljanun dawakai ne suka tashi?"

"Sabuwa ce. Dubi faɗinta. Mutum uku za ta rufe. Ba irin wannan tsohuwar mai karyayyen ƙashi ba, wadda ko kaza ba za ta fake a ciki ba."

"Mu gani."

Ta karɓa, ta danna, ta yi tsalle da ta buɗe, ta ƙyalƙyale da dariya. Zuciyata ta ce an gama. Sai ta rufe ta, ta cusa a ɗaya hammatar.

"Na gode, tau."

"To... waccan fa?"

"Wace? Ba ka ji Malama ba? Mai saye ya fi son da yawa a kan kaɗan. Ko barci kake a aji?"

Ta shige da lema biyu kamar soja. Na bi ta a baya ina lallashin kaina da wani babin, wanda ya ce amfanin abu yana raguwa da yawansa: lomar farko ta fi ta goma daɗi. Mai lema biyu dole ɗaya ta zame mata kaya. Da daddare na tura mata saƙo cikin hikima, wai ko lema biyu ba su yi mata nauyi ba.

Ta amso nan take: "Sun yi. Na ba faston mu babbar, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a gaishe da dokin. Ƙaramar ta fi shiga jaka."

Ku dubi wannan al'amari. Na yi asarar kuɗina, fasto ya sami lema, ni kuma ina nan inda nake.

Sai Allah ya kawo wata ƙofa. Malama Rohini ta riga ta sanar cewa ranar Alhamis za mu ci kasuwa a cikin aji. Kowa ya zo da wani abu da zai iya rabuwa da shi, a yi musaya ba kuɗi, domin mu gani da idonmu cewa ciniki na son rai yana barin kowane ɓangare da riba. Da muka taru ta rufe ƙofa, ta jingina da ita, ta ɗaga yatsa.

"Ku saurare ni da kyau. Daga yanzu har in buɗe ƙofar nan, babu kawu, babu ɗan'uwa, babu tau, babu don Allah taimaka mini. Mai saye ne da mai sayarwa. Bara na gwada wannan, kafin in juya duk kayan ajin sun taru a gaban wani dattijon coci, domin kowa ya ji kunyar yi masa tayi. Bana ba na so. Kawu Peniasi, kai nake kallo."

"Ni ma yau ɗan kasuwa ne, Malama," na ce, kuma ban taɓa faɗin gaskiya irin wannan ba. A cikin ɗakin nan al'ada ta tuɓe takalmi ta tsaya a waje. Abin da ba zan iya roƙa ba, zan iya saye.

Aji ya kaure. Wannan na tallan abin cajin waya, waccan na ɗaga 'yan kunne, wani ya baje rigar ƙwallon zari-ruga a kan tebur yana rantsuwa sau ɗaya aka sa ta. Na ɗauki gwangwanin biskit ɗin da na zo da shi na nufi Torika. Tabarmar hannu ta kawo, 'yar ƙarama mai kyan saƙa. Lemar tana jingine da kujerarta.

"Tabarma, tau? Ta fi ciyawar da kuke kwana a kai."

"Lemar nake so."

Ta ɗaga gira. "Ba ita na kawo kasuwa ba. Amma ɗan kasuwa ba ya korar mai saye. Me ka zo da shi?"

Na ajiye gwangwanin. Ta buɗe, ta ci ɗaya, ta rufe.

"Albarka."

"Kin ci kuma ki ce albarka?"

"Ɗanɗano ne. Ƙara."

Na ɗora rular da na sake saya. Na ɗora alƙalamina mai kyau. Yara suka ankara, suka yanyame mu, kuma da yake yara ne, suka ga abin wasa ya samu. Mai rigar ƙwallo ya jefa rigarsa a kan tebur ya ce shi ma lemar yake so. Mai 'yan kunne ta ce ta ƙara da turare. Malama Rohini ta kutso tana murna kamar an yi mata albishir.

"Kun gani? Kun gani? Masu so sun ƙaru, lema kuwa ɗaya ce tak. Me zai faru da farashi?"

"Zai hau!" suka amsa baki ɗaya.

Torika ta harɗe hannu tana juya kai kamar sarauniya. "Doki, ana neman a wuce ka fa."

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga tsintsiyar ɗaya hannun ba. Agogon da abokan aiki suka ba ni ranar ritaya, mai sunana a baya, wanda ba na cirewa sai zan yi wanka. Na kwance shi na ɗora a kan gwangwanin biskit.

Mai riga ya janye rigarsa a hankali. Malama ta sauko da tabaraunta daga kan gashi, karo na farko da na ga ta same shi ba nema, ta dubi agogon, ta dubi lemar mai sunkuyayyen gefe, ta ce da murya ƙasa ƙasa, kamar ba da aji take ba, "Abin da mutum ya yarda ya bayar yakan faɗi abin da bakinsa bai faɗa ba."

Dariyar Torika ta ɗauke. Ta dube ni tsawon lokaci. Sannan ta tura mini agogona da yatsa ɗaya.

"An rufe kanti," ta ce.

A rumfar jiran bas ta tare ni. Ana yayyafi, amma ba ta buɗe lemar ba.

"Peniasi." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Ta wace ce?"

"Ta Litia ce. Matata."

Na faɗa mata sauran: ƙusar bayan ƙofa, Kelera, ranar Lahadi. Ina magana tana kallon mariƙin katakon, sai na ga ta sassauta riƙon kamar ya yi zafi.

"Wato duk kwanakin nan ina yawo a gari ƙarƙashin lemar matarka, ina rangwaɗa, ina yi maka dariya, kai kuma kana taya ni?"

"Ban so in ɓata miki rai ba."

"Ka gwammace ka saye ni da agogo a gaban yara."

"Ba ke na saya ba, lem..."

"Yi mini shiru. Kalma nawa ce? Ta matata ce. Ko aku ya iya faɗin wannan." Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni ma na binne miji, tau. Ka zaci ban san abin da ake ratayewa a bayan ƙofa ba?"

Bas ɗinta ta iso. Na zaci za ta miƙo mini. Ta hau da ita, ta zauna ta ɗaya gefen, ba ta leƙo ba.

A daren na tura mata saƙon ban haƙuri mai tsawo, na tsara shi kamar takardar ofis. Alama ta nuna ta karanta. Amsa ba ta zo ba. Na zauna na yi lissafin da Malama ta koya mana, na ga na haƙura da gaskiya domin in tsare dariya, ga shi dariyar ta tafi, lemar ma ta bi ta.

Asabar Kelera ta iso da kwalin ƙaguwa daga Labasa da surutunta. Na dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa yadda take so. Na kuma rataye tawul a kan ƙusar, wanda shi ne aikin wauta na ƙarshe da ya rage mini. Ba ta ko zauna ba ta ɗaga shi.

"Baba, ina lemar Mama?"

Wannan karon ban buɗe littafi ba. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, har roti biyu, har agogo. Ta saurara tana murza gefen tawul ɗin.

"Ni na tura ka makarantar nan domin ka sami mutane," ta ce. "Ban hana ka ba, Baba, wallahi ban hana ka ba. Amma ka ji kunyar wata mata fiye da yadda ka ji tawa."

Ta ci abincin, ta ce ya yi daɗi, ta wanke kwanuka, ta shige ɗakinta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na sa baƙin sulu da kwat, Kelera ta fito cikin fararen kayan coci, ta tsaya a bakin taga tana kallon ruwan, hannunta ba komai. Muna nan tsaye aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Torika ce, ita ma cikin farare, ba fure a kunne. Ta jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, domin lemar tana naɗe cikin leda a ƙirjinta, ba ta buɗe ta ba. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ke ce Kelera."

"Ni ce. Sannu da zuwa, Inna. Shigo daga ruwan."

"Nan ma ya isa." Ta zare ledar. "Ki ji ni da kyau, 'yata. Ni 'yar Kadavu ce. Abin da na ɗauka a hannun ɗan Nadroga ya ɗauku, ban taɓa mayarwa ba, kuma ba zan fara a kan wannan dokin ba, kada a ce ya roƙa na ba shi, a yi ta yi da garinku."

Na ga fuskar Kelera ta ɗaure.

"Sai dai," Torika ta ci gaba, tana sassauta yatsunta har lemar ta rage a kan tafin hannu kawai, tana kallon rufi kamar mai duba inda yake yoyo, "an ce mini wai ke ma 'yar Nadroga ce. Ban sani ba ko gaskiya ne. 'Yan Nadrogan da na sani ba sa ganin abu mai kyau a hannun tau su ƙyale."

Sai na ga gefen bakin Kelera ya motsa, irin motsin bakin uwarta sak. Ta miƙa hannu ta fizge lemar.

"Tau, na ɗauka. Ina aku ina lema? Ku da kuke da fuka-fukai!"

"Wayyo, an yi mini fashi da rana tsaka!" Torika ta dafe ƙirji. "'Yar doki ta fi uban iya harbi!"

Suka fashe da dariya su biyun, Kelera tana yi tana share ido da bayan hannu. Ta buɗe lemar a nan bakin ƙofa, gefen nan ya sunkuya kamar kullum. Torika ta nuna shi da haɓa.

"Na kai wa mai gyara jiya, har ya ɗauko waya, sai na ce ya bari. Ban san wanda ya karya ba."

"Mama ce," in ji Kelera. "Mangwaron maƙwabta take kaɗowa."

"Kelera!" na ce. "Reshen ya shigo gidanmu ne."

"Bai shigo ba, Baba. Ni na riƙe mata kujera."

A nan ne matsalar da ke shafin farko na littafinmu ta tsaya a gabanmu da kayan coci: mutum uku, ruwa na zuba, lema ɗaya mai ɗaukar biyu. Na gyara murya na fara bayanin cewa tunda Torika ta riga ta jiƙe, abin da ya wuce ya wuce, bai kamata ya shiga lissafin yanzu ba, don haka a bisa ƙa'ida...

"Baba," Kelera ta katse ni, "kai da aka halitta domin ruwa ya wanke ka?"

Ta saƙala hannunta a na Torika, ta ja ta ƙarƙashin lemar uwarta, suka sauka matakala.

"Biyo mu a baya. Kada ka matso, muna da magana."

Haka na bi su, masu karatu, dattijo da kwat, ruwa na gangara mini ta wuya, ina kallon lemar ruwan ɗorawa tana rangaji a gabana da kawuna biyu a ƙarƙashinta, ɗaya baƙi, ɗaya mai furfura. Na nemi nauyin nan da na saba ji a ƙirji, na laluba ko'ina, ban same shi a inda na bar shi ba. Sukan yi ƙus ƙus, su waiwayo su dube ni, su sake tuntsirewa. Da muka kai kwanar coci sai Torika ta tsaya, ta leƙo daga ƙarƙashin sunkuyayyen gefen.

"Tau! Idan an tashi zan bi ku wurin Litia. Ina da bayanin da zan yi mata da bakina, tunda kai sai an sa ka a kasuwa kake magana."

"Bayanin lemar?" na tambaya.

"Lema ta koma gidanta. Akwai wani abin nata da nake shirin ɗauka, kuma shi ba zan sassauta hannu a ƙwace ba. Gara ta ji daga gare ni."

Na dubi Kelera, ina jiran ta ce wani abu. Ta gyara riƙon mariƙin katakon, ta dube ni sama da ƙasa, yadda uwarta take duban kifi a kasuwa.

"Ki dai duba shi da kyau tukuna, Inna," ta ce. "Shi ma akwai ƙashi ɗaya a karye."